Ɗigon Fenti a Faifan Noreen

A cikinmu masu tara faifan garmaho a Toledo ta jihar Ohio babu wanda ya kai Delmer Vargo tsantseni, kuma ba yabonsa nake yi ba. Shekara talatin da huɗu ya yi a masana'antar gilashi, aikinsa ke nan ya tsaya gaban fitila yana neman tabo a gilashin mota. Shi ya yi ritaya, idon bai yi ba. In ka miƙa masa faifai sai ya tallabe shi da tafukan hannu ta gefe-gefe, ya karkata shi wajen haske, ya yi shiru. Shirun nan ya fi zagi ciwo. Can sai ya ce, "An taɓa kunna shi a wurin biki," ya miƙo maka kayanka. Kuma in ka bincika haka ne, ɗan banzan, an taɓa. Shi ya sa muke ce masa Sufeto.

Faifai dubu huɗu da ɗoriya gare shi a ɗakin ƙasa, duk kiɗan rock na zamanin samartakarsa, duk bugun farko. Dokarsa ɗaya ce, kuma dokarmu ce mu duka, sai dai shi ya riƙe ta tamkar addini: ba a ajiye biyu. In ka samu wanda ya fi naka tsabta, to naka ya bar gida ke nan. Dokar nan kuwa ita ta ci shi.

Matarsa Noreen da faifai ɗaya tak ta shigo gidan aure. Na wasu samari huɗu ne 'yan Detroit, suka buga shi a 1971, ya yi tashe, su kuma suka watse. Hoton tsani ne a kwalinsa, tsaye a fili bai jingina da komai ba, don haka kowa Mai Tsani yake ce masa. Bugun farko takardar tsakiyarsa kore ce, samunsa kuwa sai wanda ya sha wuya. Na Noreen bugu na uku ne, mai tsakiya ruwan ɗorawa, irin wanda aka riƙa zubawa a kowane kanti, kuma ta bi ta rubuta sunanta da biro a tsakiya, Noreen D., har da zanen ɗan fure. A shekarar da suka sayi gidansu na gabashin kogi, suna fentin falo tana kunna shi, ɗigon fenti kamar ƙwayar gero ya faɗa a waƙa ta biyu ta bayan faifan. Tun daga ranar, in allura ta iso nan sai ta kama. Jita ta yi taku uku, ganga ta buga ɗaya, ta koma baya. Taku uku, bugu ɗaya, ta koma. Haka za ta yi ta yi in ba a taɓa ta ba.

Noreen ba ta taɓa zuwa ta ɗaga allurar da hannunta ba. Daga kicin take ɗaga murya, hannu dumu-dumu cikin naɗin kabeji da nama:

"Delmeeer! Ya kama!"

Shi kuma duk inda yake, gareji ne ko ɗakin ƙasa, sai ya taho yana mita, ya tsaya kan wani katako guda na ƙasan falo, na kusa da bututun ɗumama ɗaki, ya buga diddige sau ɗaya. Allura ta tsallake, waƙa ta wuce, ya koma yana ci gaba da mitarsa. Katakon nan kaɗai ke yi, kuma bugunsa kaɗai ke yi. Ita in ta buga, allurar sai ta yi tsalle ta dira a ƙarshen faifai. Shekara talatin suna wannan abu.

Sai wata Asabar, a gwanjon kayan wani mamaci a Maumee, Delmer ya ci karo da Mai Tsani mai koren tsakiya, fes, kamar ranar aka buga shi. Ya saya ya kawo shi gida. Ranar Litinin ya haɗa kwalin rarar faifai ya kai wa Hollis mai shagon tsofaffin faifai, na Noreen na ciki. Ba don mugunta ya yi ba, wannan zan shaide shi. A ransa kyauta ya yi mata. Ya sauko da ita ɗakin ƙasa ya zaunar, ya kunna sabon a babban injinsa, wanda ya ɗora kan falalen dutse don ko motar kaya ta wuce kada allura ta motsa. Waƙa ta biyu ta zo, ta wuce sumul.

"Kin ji?" in ji shi. "Kin ji abin da ke bayan wurin? Shekara talatin ba ki taɓa jin sa daidai ba."

"Nawa fa?"

"Ai wannan ne naki yanzu."

Ta miƙe. "Ka kyauta," ta ce, ta hau sama abinta. Ba ta sake tambaya ba, ba ta kuma sake cewa a kunna ba. Gogan naka ya ɗauka magana ta ƙare.

Bayan shekara takwas ciwon mantuwa ya fara taɓa ta. Da makulli ya fara, sai tukunya a kan wuta, sai hanyar coci da ta bi tun tana yarinya. Daga nan ya shiga cin sunaye, ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kan na Delmer. A lokacin da nake ba ku labari, wata goma sha huɗu rabon da ta kira sunansa. "Bawan Allah" take ce masa. Shi ke mata wanka, shi ke taje mata kai, shi ke yanka mata nama ƙanana, ita kuma ta yi ta godiya cikin ladabi kamar baƙuwa a gidan mutane. Ladabin nan shi ke kashe shi. Noreen fa, macen da in ta buɗe baki maƙwabta uku sai sun ji! Da zagi take yi masa da abin ya zo da sauƙi. Bai sa rai da warkewa ba, likita ya gama yi masa bayani tun tuni. Abu ɗaya yake so, ya ji sunansa a bakinta ko sau ɗaya ne kafin ta gama tafiya.

Wata la'asar cikin Fabrairu, dusar ƙanƙara ta rufe tagogi rabi, ya rasa abin da zai yi mata, sai ya hau da Mai Tsani mai koren tsakiya ya kunna a ɗan injin falo. Tana zaune a kujerarta, bargo a cinya, ido a bango. Gaban faifan ya ƙare ba ta motsa ba. Ya juya bayan. Waƙa ta farko ta wuce. Ta biyu ta shiga, jita ta fara hawa, sai ya ga kanta ya ɗago. Ta juya fuska wajen ƙofar kicin. Ta ja numfashi ta cika ƙirji, bakinta ya buɗe, harshenta ya hau bayan haƙora. Delmer ya ji gashin jikinsa ya tashi, don ya san wannan shirin, shirin ƙwala kira ne.

Waƙa ta wuce sumul.

Ta jira. Ta ƙara jira. Sannan numfashin ya fita a hankali, fuskar ta koma yadda take.

"Wannan ba nawa ba ne," ta ce. "Bawan Allah, a kashe. Na mutane ne, kada su zo su yi faɗa."

Ya kashe. Ya tsaya riƙe da faifan da ya fi kowanne tsabta a duk jihar Ohio, ya ji ya tsane shi. Garin neman gira ya rasa ido, kuma sai da ya shekara goma sha ɗaya kafin ya san ya rasa.

Daga ranar gidan ya canja masa. Da ƙarfe huɗu ta yi, sai Noreen ta fara buga hannun kujera: yatsa uku, tafi ɗaya. Yatsa uku, tafi ɗaya. Ba ta san tana yi ba, in ya yi magana ma ba ta ji. Shi ma abin ya shiga kunnensa. Ya ji shi a kukan firji, ya ji shi a waifar gilashin mota, ya ji shi a ɗigar famfon banɗaki. Sau biyu ya farga ya tsinci kansa tsaye kan katakon nan na kusa da bututu, diddige a sama, bai kuma san lokacin da ya taso daga kicin ba. Tsoro ya kama shi, ba na wasa ba.

Ya bar Noreen wurin maƙwabciyarsu ya nufi shagon Hollis. Hollis ƙato ne, ciki ya riga shi shiga ko'ina, kullum yana bayan kanta da kofi da wata tsohuwar kyanwa.

"A'a'a! Sufeto da kansa! Yau wa aka zo kamawa?"

"Kwalin da na kawo maka. Akwai Mai Tsani a ciki, mai ruwan ɗorawa."

"Yaushe ke nan?"

"Shekara goma sha ɗaya."

Hollis ya ajiye kofi ya yi dariya har da tari. "Kai Vargo, abin da na ci jiya ma ban tuna ba! Kwandon dala ɗaya ya shiga, in ma ban jefa shi bola ba. Kwandon nan kogi ne, mutumina, abin da ya faɗa ya tafi. Me ma za ka yi da shi? Ba kai ne ka ce faifan da ke da sunan mutum a jiki gara a ci tuffa a kansa ba?"

"Na Noreen ne."

Dariyar ta tsaya cak. Hollis ya san Noreen, ya sha cin kabejinta. Ya shafa kyanwa, ya ce, "Yaya jikin nata?"

"Da sauƙi."

"To. Rubuta kati, in manna a ƙofa. Ka kai wani kasuwar Lahadi."

Delmer ya rubuta: Ana neman Mai Tsani, bugu na uku, ruwan ɗorawa, an rubuta Noreen D. a tsakiya. Ya sa lambar wayarsa. Ya ɗora biro zai ƙara cewa faifan yana kamawa, akwai fenti a jiki, sai hannunsa ya ƙi. Delmer Vargo ya sa hannu a takarda cewa yana neman faifai mai kamawa? Ya ce a ransa sunan ma ya isa, Noreen D. nawa ne a duniya. Ya mayar wa biro murfinsa.

Kasuwar faifai Lahadin farko ta kowane wata take ci, a zauren tsofaffin sojoji. Ranar da ya kawo katin kuwa mun sha dariya, Allah ya yafe mana, don ba mu san dalili ba.

"Jama'a, Sufeto ya tuba!"

"Vargo, ina da wanda kare ya tauna, ko shi ma a kawo?"

"Ku bar shi, tsufa ne. Na gaba kaset zai fara tarawa."

Ya manna katinsa a bakin zaure ya wuce. Da Hollis ya bi tebur-tebur ya raɗa mana, sai kowa ya kama kansa, aka shiga tono. Wanda ya ga Mai Tsani mai ruwan ɗorawa a ko'ina, sai ya kawo ba tare da ya duba ba, ko Allah zai sa. Cikin wata biyu an tara masa tara. Ɗaya an rubuta Gary. Ɗaya Patty da Ron, a cikin zanen zuciya, aka zo daga baya aka soke Ron da ƙarfi har takarda ta yage. Ɗaya lambar waya ce kawai. Ɗaya yana da zoben gindin kofi a kan tsanin. Ya kunna su duka, kowanne da inda yake tari, kowanne da inda yake ƙas-ƙas, babu wanda ke kamawa a wurin Noreen.

Bai iya zubar da su ba. Mutumin da ba ya ajiye biyu, ga shi da tara jere a ƙasan kanta. In ya sauka ɗakin ƙasa yanzu, waɗannan taran yake fara kallo, don kowanne wani ya zauna da shi, ya ci abinci a gefensa, ya yi faɗa da mata ko miji yana juyawa. Sai ya ɗaga kai ya dubi dubu huɗunsa cikin rigunan leda, fes-fes, babu wanda aka taɓa so har a ɓata shi. Ɗakin ya fara yi masa shiru irin na maƙabarta, ya daina daɗewa a ciki.

Noreen kuwa tana ta raguwa. Ta daina gane cokali. Amma ƙarfe huɗu ba ta taɓa wuce ta ba, yatsa uku, tafi ɗaya.

Cikin Afrilu waya ta yi ƙara.

"Mista Vargo? Arlene Fenske ce, daga Monroe. Na ga katinka. Noreen D., shuɗin biro, da ɗan fure mai ganye biyar?"

Ya ce shi ne. Dokta Fenske mun san ta, likitar haƙori ce da ta yi ritaya, ƴar siririya mai fara'a, kullum tana sayen faifan da suka lalace kwali-kwali. Ba wanda ya taɓa tambayarta me take yi da su, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Delmer bai tambayi komai ba shi ma, adireshi kawai ya karɓa. Ta ce ya ba ta mako guda, tana da ɗan aiki a hannu, ya zo ranar Laraba.

Ranar Laraba ƙarfe goma yana ƙofarta. Ta shigar da shi wani ɗaki da ta kwaso kayan tsohon asibitinta ta zuba: fitilar nan mai dogon wuya, tabarau mai ƙara girma, tsinkayen ƙarfe jere a tire.

"Zauna, zauna, Mista Vargo, ba abin da zan cire maka."

Ta ɗauko Mai Tsanin. Tun daga nesa ya gane salatif ɗin da Noreen ta liƙa a gindin kwalin, ya yi ja don tsufa. Ta zaro faifan, ga ruwan ɗorawa, ga sunan, ga furen. Ya miƙa hannu biyu.

"A'a, tsaya ka ji tukuna," in ji ta. Ta ɗora bayan faifan, ta sauke allura daidai farkon waƙa ta biyu, ta harɗe hannu tana murmushi.

Jita ta fara hawa. Delmer ya ji ƙafarsa ta dama ta ɗaga da kanta. Taku ɗaya, biyu, uku, ganga ta buga.

Waƙa ta wuce.

"Ka ji?" Dokta Fenske ta tafa hannu. "Ko ƙas bai yi ba! Fenti ne fa, mai mai, irin na da, ya shige cikin layin ya kafe kamar dutse. Kwana uku na yi a kansa da tsinke. Wallahi ban taɓa aikin da na ji daɗinsa haka ba, har da haƙoran mutane."

Ya dubi faifan da ke juyawa. "Yaushe kika cire?"

"Makon nan mana. Shekara shida yana cikin kwali ban bi ta kansa ba, sai da na ga katinka na zaro shi. Da na kunna na ji yana kamawa, na ce tabɗi! Ni zan miƙa wa Delmer Vargo faifai mai kamawa, ya yi mini shirun nan nasa? Ai shi ya sa na ce ka ba ni mako guda."

Ya zauna a kujerar da ta nuna masa tun ɗazu. Waƙar na ta tafiya, daɗi kamar me. Ya dubi hannuwansa, ya fara magana, ya gaya mata komai: fentin falo, katakon kusa da bututu, wata goma sha shida yanzu, da ƙarfe huɗu na kowace rana. Bai taɓa gaya wa kowa duka haka ba. Kafin ya gama ta kashe injin ta samu wuri ita ma ta zauna.

"Wayyo Allah," ta ce. "Me ya sa ba ka rubuta a katin ba?"

"Kunya."

"Ɗigon ma na share shi a tsumma, na jefar."

"Za ki iya mayarwa?"

Ta girgiza kai. "Cirewa na koya, Mista Vargo. Hannuna ba zai yarda ba, in ma ya yarda ba zai yi daidai ba. Amma zo ka gani." Ta ja fitila, ta sa masa tabarau. A cikin layukan nan masu ƙyalli akwai wuri ɗaya da ya dushe, ɗan mitsitsi. "Nan ya zauna shekara arba'in. Ka samu jan farce, shi ya fi kusa. Ɗan kaɗan, a bakin tsinke, ta gefen waje. Ka bar shi ya kwana ya bushe." Ta naɗe masa tsinke ɗaya a takarda, ta haɗa da faifan, ta rako shi har mota tana ba shi haƙuri, shi kuma yana ce mata ba laifinta ba ne. Gaskiya ya faɗa.

A kabad ɗin banɗaki ya samu kwalaben jan farcen Noreen guda shida, biyar sun bushe, ɗaya na motsi. Ya hau saman silin ya sauko da tsohon garmahonta mai kama da akwati, don ya tuna injinan da ya saya duk an yi su ne yadda bugun ƙafa ba zai motsa su ba. Ya share shi, ya sa masa mai, ya ajiye shi inda yake zama da, kan ɗan tebur gefen taga.

Sannan ya zauna da tsinke. Mutumin da shekara hamsin yatsansa bai taɓa fuskar faifai ba! Ya tsoma bakin tsinken a jan farce, ya ɗiga. Na farko ya yi kaɗan, washegari allura ta bi ta kai ta yi ƙas ta wuce. Na biyu ya yi yawa, ta yi tsalle ta bar rabin waƙa. Ya kankare ya sake. Na uku, ranar Asabar da safe Noreen na barci, ya kunna a hankali ya kara kunne.

Ya kama. Taku uku, bugu ɗaya, ya koma. Sai dai ɗigon ya ɗan gota gaba kaɗan, don haka bayan bugun ganga ana jin mawaƙin ya ja numfashi zai fara baiti, sai allura ta mayar da shi. Ya ja numfashi, ta mayar da shi. Wannan a da babu shi. Delmer ya saurara sau biyar, tsigar jikinsa na tashi, ya ɗage allurar. Ya san jan farce ba fenti ba ne, kowane zagaye allura na cin sa. Ba zai ɓata sauran a gwaji ba.

Ƙarfe huɗu saura kwata ya gyara mata bargo, ya ɗora bayan faifan tun daga farko. Ƙas-ƙas ɗin tsohon faifai ya cika falo. Noreen ta karkata kai. Waƙa ta farko ta ƙare, yatsunta sun daina motsi, sun kwanta a hannun kujera. Delmer na tsaye taku biyu daga katakon.

Jita ta hau. Taku uku, bugu ɗaya, numfashi. Taku uku, bugu ɗaya, numfashi.

Kanta ya ɗago. Ta dubi garmahon, ta dubi ƙofar kicin, ta yi ɗan tsaki, tsakin da ya shekara biyu bai ji ba. Sannan ta juyo ta gan shi.

"Yauwa, bawan Allah, taimaka mini. Leƙa gareji ka kira mini mai gidan, ka ce faifan ya kama."

Ya yi taku ɗaya wajen katakon.

"A'a, a'a, kada ka taka! Ba ka san wurin ba, ɓata mini za ka yi. Delmer kaɗai ya iya."

Sunan ya dake shi a ƙirji. Ya durƙusa gaban kujerar, ya kawo fuskarsa kusa da tata. "Noreen. Ni ne fa. Ga ni."

Ta dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya ɗan zautu. "Haba, bawan Allah. Je ka dai kira shi, ka ji? Yana gareji."

Ya miƙe. Ya bi ta kicin, ya buɗe ƙofar baya, ya fita ya ja ta. Ya tsaya kan matakala daga shi sai ƴar shara, iskar Afrilu mai sanyi na tasowa daga kogi. Ga garejin can a kulle, babu kowa ciki. Ta jikin bango yana jin abin na ta juyawa, taku uku, bugu ɗaya, numfashi. Bai san me ya fito yi ba, bai san kuma da wace fuska zai koma ba.

Sai ya ji ta.

"Delmeeer! Ya kama!"

Da dukkan ƙarfinta, har karen maƙwabta ya amsa. Bai yi shawara da kansa ba, bakinsa ne ya buɗe, tsohuwar muryar mita ta fito:

"Na ji, gimbiya, na ji! Ai ba kurma ba ne ni!"

"To ka ajiye tarkacen nan ka zo mana! Sai kaina ya fashe?"

"Hannuna duk baƙin mai ne!"

"Da hannu ake takawa? Ji mini mutum!"

Ita ce. Noreen ce sak, da bakinta da komai, tana bayan ƙofa ɗaya da taku goma. Hawaye suka zubo masa, ya bar su. Ya kama mariƙin ƙofa. Sai ya tsaya, don ya san abin da ke jiransa. Muryar ta sani, fuskar ce ba ta sani ba. Da ya leƙa falon nan zai koma bawan Allah, in kuma ya taka katakon waƙa za ta wuce, ba ta da sauran dalilin kiran kowa. Ya kuma san, fiye da duk wani mai rai a Toledo, cewa allura na cin ɗigon nan zagaye bayan zagaye. Wataƙila saura ɗari, wataƙila hamsin.

"Delmer! Kana ji na kuwa?"

"Ina ji!"

"To?"

Ya saki mariƙin ƙofar. Ya zauna kan matakala mai sanyi, ya jingina kunne da katakon ƙofa, ya share fuska da gefen riga don kada ta ji kuka a muryarsa.

"Ina zuwa," ya ce da ƙarfi. "Ki ƙara kira, in kin ji shiru."